Noti Cikin Wuta: Me Za Ka Sa Tsakanin Ƙarfe da Ƙarfe?

'Yan sashen makanikal, musamman masu shirin furojet, wannan darasin naku ne. Mu ɗauka ka ƙera ƙaramin tanderun narkar da alminiyam, wanda ke narkewa a digiri 660. Ka ɗaure shi a kan firam da noti, kuma ba ka so zafi ya bi ƙarfe ya ƙona hannun mai aiki. Dole ka sa wani abu a tsakani. To me za ka sa?

Da yawanmu tambaya ɗaya muke yi: yana tare zafi? Alhali akwai ta biyu, wadda ta fi kayar da mutane: zai jure matsin noti yana cikin zafin?

Mu yi lissafi. Noti M12 mai daraja 8.8, in an ɗaure shi yadda ya kamata, yana matsa da kusan 40 kN, wato nauyin tan huɗu. Faɗin woshar da ke ƙarƙashinsa kusan 320 mm² ne. Raba ka gani: 125 MPa. Audugar tanderu da allon kalsiyam siliket gwanaye ne wajen tare zafi, amma a wannan matsi murƙushewa za su yi. Da sun lotse ko da kaɗan, noti ya saki, nauyi ya fara wasa.

Ga waɗanda ake zaɓa daga ciki:

Teflon: iyakarsa digiri 260, kuma yana malalewa a hankali ƙarƙashin matsi ko babu zafi. Manta da shi a nan.

Farantin maika: yana wuce da zafi kusan 0.3 W/mK kawai, ƙarfe kuwa kusan 50. Yana jure digiri 500 zuwa 700 gwargwadon nau'insa, ga juriyar matsi. Yawanci shi ne zaɓin farko.

Zirkoniya: tangaran ne mai ƙarfin gaske, kusan 2 W/mK, kuma buɗewarsa da zafi ta yi kusa da ta ƙarfe. Sai dai akwai tsada, kuma in fuskar ƙarfen ba ta daidaita ba, tsagewa zai yi.

Asbestos: ko kyauta aka ba ka, kada ka karɓa. Ƙurarsa na jawo cutar daji a huhu.

Saura abin da ake mantawa: shi kansa notin gada ce da zafi ke bi. Ka sa maika a ƙarƙashin kansa, ka bar rata tsakanin jikinsa da ramin. Ka ɗora wosha mai kauri a kan maikar don matsin ya bazu. Noti mara tsatsa yana rage wucewar zafi zuwa kusan 16 W/mK, amma ya fi baƙin ƙarfe miƙewa in ya yi zafi, don haka ɗaurin kan sassauta. Maganinsa woshar Belleville, mai aiki kamar sifirin. Shi ma 8.8 ɗin kada ka bar shi ya wuce digiri 300.

Kafin ranar kare furojet, kunna tanderun, bar shi ya huce, sannan ka sake bin kowane noti da sifana. In ka ji ya juya da sauƙi, abin da ka sa a tsakani ya lotse. Gara ka gano da kanka a wokshop da malami ya gano a gaban jama'a.