Tsakuwar Hanyar Kwalta

Garin Takieta yana bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai, ta bi ta Maraɗi da Tasawa, ta nufi Damagaram. A nan kuma wata hanya ta rabu ta yi kudu, ta bi ta Kance da Matamai zuwa iyakar Najeriya. Dare da rana manyan motoci suna wucewa da hatsi da dabbobi da siminti. Sa'ad da hanyar ke da kyau, tafiya daga Takieta zuwa birnin Damagaram, wajen kilomita 50, ba ta da wuya. In ta lalace, kuɗin mota ya tashi, mai ciwo ya daɗe bai kai asibiti ba.

Yara, in kun je bakin hanya, ku duba da kyau, amma ku yi hankali da motoci. Baƙin abin nan da mu ke kira kwalta, mafi yawansa dutse ne. In an auna garwayen da a ke shimfiɗawa, cikin kilo 100 wajen kilo 95 tsakuwa ce da rairayi da garin dutse. Kilo 5 kawai ne kwalta. Aikinta ta liƙe duwatsu, ta kuma hana ruwa shiga. Nauyin mota kuwa, tsakuwa ce ke ɗaukar shi.

To, ba kowace tsakuwa ke iya wannan aiki ba. Akwai iri uku.

Ta farko ita ce mulmulalliya, irin wadda mu ke tsinta a cikin ƙorama. Ruwa ya daɗe yana gungura ta, har ta yi sumul kamar ƙwallon aduwa. Tana da kyaun gani, amma ba ta da inda za ta kama ƴar'uwarta. In taya ta danna ta, sai ta gusa gefe. Kun san yadda ƙafa ke santsi in an taka gero da ya zube a daɓe. Haka nan ne. Abin ya fi muni da bazara, watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa. Baƙar hanya ta fi haka zafi nesa, kwalta ta yi taushi, ba ta iya riƙe komi. Sai tayoyin manyan motoci su bar kwari biyu a kan hanya. Da damina ruwa ya kwanta cikin kwarin, ya sami tsaga ya shiga ƙarƙashi, ƙasa ta jiƙe ta yi laushi. Daga nan rami ya buɗe.

Ta biyu ita ce falle-falle, mai faɗi kamar sakaina, ko mai tsawo kamar ɗan yatsa. Wannan tana da kaifi, amma ba ta da ƙwari. In injin daɓe ya bi ta kanta sai ta karye, wurin da ya karye kuma babu kwalta a jikinsa, ruwa ya sami ƙofa. A hanyoyin da a ke fesa kwalta a watsa tsakuwa bisa, falle-falle takan kwanta ta nutse, kwalta ta taso ta rufe ta. Wurin ya yi ƙyalli da santsi, direba ya taka birki mota ta ƙi tsayawa.

Ta uku ita ce a ke so: fasasshen dutse mai kusurwa, wanda tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa kusan ɗaya ne, kamar ƙwayar sukari ta cikin kwali. Ana samun ta in an sa dutse mai tauri cikin injin fasa dutse, irin manyan duwatsun nan da ke tsaye cikin Birnin Damagaram. Kusurwoyi suna shiga juna suna cijewa, jikinta mai kaushi kuma yana kama kwalta. Ana garwaya manya da ƙanana don ƙananan su cike tsakanin manyan. Dole kuma ta zama ba ƙura, don kwalta ba ta liƙewa a dutse mai ƙura.

Wannan sani ya girmi motoci. Wani mutumin Sikotilan mai suna John McAdam, wanda aka haifa a 1756 ya mutu a 1836, ya yi hanyoyi a Ingila da ƙananan fasassun duwatsu, ba kwalta ko kaɗan. Ƙafafun kekunan doki suka daddanna su, suka cije, hanya ta yi ƙarfi. Sai daga baya aka ƙara kwalta don maganin ƙura da ruwa.

Fasa dutse da ɗauko shi daga nesa yana cin kuɗi, shi ya sa mai son sauƙi kan so ya kwashi tsakuwar ƙorama da ke kusa. Ranar da aka gama aiki, hanyoyin biyu baƙi ƙirin su ke, ba mai iya bambanta su da ido. Don haka ne injiniyoyi ke tankaɗe tsakuwa a rariya mai dogayen ramuka tun kafin a fara: wadda ta zurare falle-falle ce, in ta yi yawa a ƙi karɓa.

Mu gwada

Ku cika kwano ɗaya da tsakuwar ƙorama, ɗaya da fasasshen dutse. Ku danna kowane da dunduniya. Wane ne ya nutse? Sa'an nan ku juye su a ƙasa, ku ga wanne tsibi ya fi tsayawa.

Tambayoyi

1. Cikin kilo 200 na garwayen hanya, kilo nawa ne kwalta?
2. Don me kwari ke fitowa a hanya da bazara?
3. Ku tsinto tsakuwa goma, ku raba su iri uku, ku zana ɗaya daga kowane iri cikin littafinku.
4. Ku tambayi malam sunan tsakuwa da na kwalta a faransanci, ku rubuta.