Yadda Mai Gida Zai Kare Kansa Daga 'Yan Damfarar Takardun Mallaka

Duk wanda ya zaga unguwannin Legas ko Ibadan zai ga gidaje da dama an rubuta a bangonsu cewa ba na sayarwa ba ne. Dalili kuwa shi ne 'yan damfara kan buga takardun jabu su sayar da gidan mutum, ko su jinginar da shi a banki, alhali mai shi bai sani ba. Waɗanda abin ya fi shafa su ne fataken da ke daɗewa ba su gida, da kuma magadan da ba su raba gado ba.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. Abin da mutum yake samu a birni shi ne izinin zama, galibi na shekara 99, wanda satifiket ɗin mallaka yake tabbatarwa. Sashe na 22 ya hana sayarwa ko jingina sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo saboda rashin wannan amincewa.

Darasin da ke nan shi ne, sunan da ke cikin rajistar gwamnati ya fi takardar da ke cikin akwati muhimmanci. Ɗan kasuwar da ya sayi gida ya tsaya ga takardar ciniki da shaidar mai unguwa kawai ya bar ƙofa a buɗe, domin wanda ya sayar masa na iya sake sayar wa wani, shi kuwa ya riga shi yin rajista.

Saboda haka wajibi ne mai gida ya biya kuɗin hatimi, ya nemi amincewar gwamna, ya yi rajista da sunansa. Ya riƙa biyan harajin fili yana adana rasiɗai. Kada ya ba dillali ainihin satifiket. Kwafi ya isa. Lokaci lokaci ya sa lauya ya duba fayil ɗinsa a ma'aikatar ƙasa da safiyo, ko a hukumomi irin su AGIS a Abuja da KADGIS a Kaduna.

Idan takarda ta ɓata, ya hanzarta sanar da 'yan sanda, ya yi rantsuwa a kotu, ya buga cigiya a jarida, sannan ya rubuta wa ofishin rajista a dakatar da kowane ciniki a kan gidan. Magada kuwa su gaggauta mayar da takardu sunayensu, don fayil mai ɗauke da sunan mamaci shi ne ya fi sauƙin ci ga ɗan damfara.

Rigakafi dai ya fi magani. Kuɗin rajista kaɗan ne in aka kwatanta da shari'ar fili, wadda kan ci shekaru kafin a yanke hukunci.