Amsoshin Tambayoyinku: Stratocaster ko Les Paul?

Ga mai sauraron da ke neman jitar lantarki, zaɓi yakan tsaya ne tsakanin Fender Stratocaster da Gibson Les Paul. Stratocaster ta fito a 1954, da maganaɗisu uku masu ɗaukar sautin tsirkiya. Muryarta siririya ce mai kaifi, ita ce ma Mdou Moctar na Nijar yake kaɗawa, sai dai takan yi ƙugi kusa da kayan wuta. Les Paul, ta 1952, ta fi nauyi a kafaɗa, sautinta kuma kauri gare shi. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi irinsu masu araha na Squier ko Epiphone. Kafin biyan kuɗi, a danna kowace tsirkiya har ƙarshen wuyan jitar, a tabbatar bai lanƙwashe ba.