Darasi: Ɗakin Kulawa ta Musamman Ba Ɗakin Ban Kwana Ba Ne

Akwai sabon maganin sankarar jini da ake kira CAR-T. Likitoci kan ɗebi ƙwayoyin garkuwar jiki daga jinin maras lafiya, su gyara su yadda za su gane ƙwayoyin sankara, sannan su mayar masa ta jijiya. Amurka ta amince da shi a 2017. Indiya, inda mutanenmu ke yawan zuwa neman lafiya, ta amince da irin nata a 2023. Maganin yana da ƙarfi, kuma ƙarfin nan ne kan kai wasu ɗakin kulawa ta musamman.

Idan ƙwayoyin suka kama yaƙi, sukan saki sinadarai masu yawa cikin jini, galibi a mako ɗaya ko biyu na farko. Zazzaɓi kan kai digiri 38 ko fiye, jini ya sauka, numfashi ya yi wuya. Wani kuma abin kan taɓa masa ƙwaƙwalwa: ya rikice, magana ta sarƙe, hannunsa ya kasa rubutu, wani har da jijjiga. Shi ya sa ma'aikatan jinya ke sa shi ya rubuta jimla ɗaya kullum, ya kuma ƙirga daga 100 zuwa ƙasa, goma-goma. A ɗakin kulawa ana ba shi iskar oksijin, ƙarin ruwa, maganin ɗaga jini, da allurar tocilizumab ko dexamethasone don kwantar da garkuwar jiki. Ana haɗawa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin wannan zazzaɓin da na ƙwayoyin cuta kama ɗaya suke.

Wani zai ce, mai sankara in ya shiga wannan ɗaki ai sai addu'a. Addu'a wajibi ce, amma a duba dalilin shigar. Ba sankara ce ta kayar da shi ba, garkuwar jikinsa ce ta wuce gona da iri, kuma yawanci takan lafa cikin kwanaki in an tare ta da wuri. Wani kuma zai ji tsoron kada allurar ta raunana magani mai tsada. Likitoci na auna wannan, amma tsare numfashi da ƙwaƙwalwa shi ne gaba, domin mai rai ne ke cin moriyar magani. Haɗarin gaskiya ne, akwai waɗanda ke rasuwa, kuma jinkiri na ƙara shi. Don haka mai jinya, kana ganin zazzaɓi ko rikicewa, ko da tsakar dare ne, ka sanar da likita nan take.