Yadda Mutum Ɗaya Ke Shirya Injin Dizal Na Jirgin Ruwa Kafin Hunturu, Da Taimakon Wayarsa

Darasinmu na yau zai kai mu ƙasashen sanyi irin su Kanada, Suwidin da arewacin Amurka, inda masu ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska ke ajiye su tsawon watannin hunturu. Yawancin jiragen nan suna da ƙaramin injin dizal, kamar Yanmar ko Volvo Penta, don shiga tasha da fita. Idan aka ajiye injin ba shiri, dare ɗaya na sanyi ya isa ya fasa shi.

Me ke fasa injin?

Ruwa yana daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Salshiyos, kuma idan ya zama ƙanƙara girmansa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100. Injin jirgi ba shi da lagireto irin na mota. Ruwan teku ko na tabki yake zuƙowa ta wani famfo da ke ƙasan jirgin, wata farfelar roba ta tura shi ya ɗebe zafin injin, sannan ya fita ta salansa tare da hayaƙi. Duk ruwan da ya kwana a wannan hanya zai kumbura ya tsaga ƙarfe ko tiyo. Don haka babban aikin shi ne a kori wannan ruwa, a maye gurbinsa da ruwan hana daskarewa.

Matakan aikin

1. Ka ɗumama injin, ka canza baƙin mai da matatarsa. Tsohon mai yana ɗauke da sinadarai masu cin ƙarfe, bai kamata ya yi watanni a ciki ba. An fara da wannan ne saboda mai ɗumi ya fi saurin zuƙuwa.

2. Ka cika tanki da dizal. Tankin da ba a cika ba yana tara raɓa, ruwan kuma ya zama gidan ƙwayoyin da ke toshe matata.

3. Ka kashe injin, ka rufe famfon ƙasan jirgi, ka cire tiyon da ke zuƙo ruwa ka tsoma shi a bokitin ruwan hana daskarewa. Mai sinadarin furofilin gilaikol ake amfani da shi a nan, domin na mota, wato mai etilin gilaikol, guba ne ga mutane da dabbobi, kuma abin da ya fita ta salansa waje zai zuba.

4. Ka tada injin har sai ka ga ruwa mai launi yana fita ta salansa, sannan ka kashe kafin bokitin ya ƙare.

5. Ka cire farfelar roba ka ajiye, don kada fikafikanta su sandare a lanƙwashe.

6. Ka yi wa batir caji ya cika, wato kusan bolt 12.6, sannan ka cire wayoyinsa. Batirin da ya yi sanyi ba caji shi ne ke saurin daskarewa.

7. Ka toshe bakin salansa da mashigar iska da tsumma mai ɗan maiƙo don hana danshi shiga.

Inda wayarka za ta zama yaron aikinka

Mataki na 4 shi ne ke ba mai aiki shi kaɗai wahala. Makunnin injin yana sama wurin tuƙi, bokiti yana ƙasa kusa da injin, salansa kuma tana bayan jirgi. Idan bokitin ya ƙare ba ka sani ba, farfelar za ta juya a bushe ta ƙone nan da nan.

Mafita ta farko: ka ƙara wa tiyon tsawo, ka kawo bokitin kusa da makunni, ka ɗaure tiyon a jikinsa don kada ya zame. Ta biyu: ka ɗaure tsohuwar waya tana kallon bakin salansa, ka kira ta da bidiyo daga wayar hannunka. Kana tsaye wuri ɗaya, ga bokiti a gabanka, ga salansa a allo, ga yatsanka a kan makashi.

Haka kuma, ka ɗauki hoton kowane tiyo da kowace waya kafin ka cire. Bayan wata biyar ba za ka tuna wanne ke shiga ina ba.

Kuskure biyu masu tsada

Idan injin ya ƙi tashi, kada ka ci gaba da murza makunni tiyo na cikin bokiti. Farfelar tana ta tura ruwa, babu hayaƙin da zai kore shi, sai ya cika salansa ya koma cikin silinda. Ruwa ba ya matsuwa, don haka yana iya lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe fistin.

Na biyu shi ne mantuwa. Ka rubuta a waya duk abin da ka rufe, ka cire, ko ka toshe, sannan ka manna takarda a jikin makunni. Wanda ya tada injin a bazara da famfo a rufe, ko ba farfela, zai dafa shi da hannunsa.

Mu da muke da janareta mai dizal ba ma fargabar ƙanƙara, amma matakai na 1, 2 da 6 sun shafe mu duk lokacin da za mu ajiye shi na watanni. Sai mun haɗu a darasi na gaba.