Yadda Ake Sa Na'urar Tef Cikin Babbar Kwamfuta

'Yan'uwana ɗalibai, a makarantu da yawa yanzu sunayen yara, da makin jarrabawarsu, da lissafin kuɗi, duk suna cikin babbar kwamfuta guda, wadda masu aikin ke kira saba. Faifan da ke cikinta kuwa yakan mutu ba sallama. Ran da ya mutu, in babu kwafi a wani wuri, wahalar shekaru ta tafi ke nan. Saboda haka na ga ya kamata in bayyana muku yadda ake sa mata na'urar tef, gama wata rana wani cikinmu za a danƙa wa wannan aiki.

Kada ku raina tef don tsufansa. Tun 1952 kamfanin IBM ya fito da na'urar tef ta kwamfuta. Irin da ake kira LTO, wanda IBM da HP da Seagate suka haɗa kai suka ƙago, ya shiga kasuwa a 2000, kaset ɗaya yana ɗaukar gigabayit 100. LTO-9 na 2021 yana ɗaukar terabayit 18.

Kafin ka sayi kome, duba abu uku. Na farko, ko akwai gurbi mai faɗin inci 5.25 a gaban kwamfutar. Na biyu, ko akwai katin SAS irin wanda ake kira HBA, domin katunan RAID da yawa ba su san tef ba, faifai kaɗai suka sani. Na uku, tsofaffin kaset ɗinka. Na'urar LTO-9 tana karanta kaset na 9 da na 8 kaɗai, wanda ya girme su ba ta san shi ba.

To, ga aikin. Yi kwafin abin da ke ciki tukuna, sa'an nan ka kashe kwamfutar, ka zare wayoyin wuta duka, gama waɗansu suna da biyu. Ɗaura abin hannu mai waya, ka maƙala bakinsa a jikin ƙarfen akwatin. Dalili kuwa, jikin mutum yakan tara 'yar wutar lantarki, irin wadda kan yi ƙara in ka tuɓe riga da hunturu, ita kuwa ta isa ta ƙone kati.

Buɗe murfin, ka cire abin da ya toshe gurbin. Tura na'urar a hankali har fuskarta ta yi daidai da gaban akwatin. Ɗaure ta da sukurorin da aka aiko da su tare da ita, domin wanda ya cika tsawo zai huda cikinta. Soka katin a raminsa, ka haɗa wayar SAS daga katin zuwa na'urar, ka haɗa ta wuta. Kada ka tilasta wa waya. In ta ƙi shiga, a juye ka riƙe ta. Kauda wayoyin daga hanyar iskar fanka, gama zafi da ƙura su ne magabtan tef. Mayar da murfin, ka kunna.

In kwamfutar ta ga na'urar, sai ka sa direbanta da manhajar yin kwafi. Sabon kaset na LTO-9 yakan ɗauki lokaci a sawar farko, wani sa'i har awa biyu, yana daidaita kansa. Ka yi haƙuri, kada ka kashe.

Amma fa aiki bai ƙare ba. Gani ya kori ji. Rubuta fayiloli kaɗan a kaset, ka komo da su cikin kwamfutar, ka buɗe su ka karanta da idonka. Sai ka ga sun komo lafiya za ka ce kana da kwafi. Sa'an nan ka fid da kaset ɗin, ka rubuta kwanan wata a jikinsa, ka kai shi wani gini dabam. Manomi ba ya gina rumbunsa jikin madafa. Kaset da aka bari cikin na'ura, wutar da ta ci ofis za ta ci shi, ɓarawon da ya ɗauki kwamfuta kuma ya tafi da shi.

Ina roƙonku, in kun je makarantun da za a tura ku, ku tambayi mai kula da kwamfuta yaushe rabon da ya gwada komo da fayil daga kaset.