Tsaron Hanyar Aika Fayil Tsakanin Kwamfutoci

Idan shugaban makaranta a Gummi ya ba direban mota takardar makin ɗalibai ba tare da ambulan ba, ya ce a kai ta Gusau, duk wanda ta ratsa hannunsa a tashar Anka zai iya karanta ta, har ma ya sauya maki. Haka tsohuwar hanyar aika fayil da ake kira FTP take aiki tsakanin kwamfutar mutum da babbar kwamfutar ajiya, wato uwar garke.

Abhay Bhushan ne ya fara tsara FTP a shekarar 1971 a jami'ar MIT ta Amurka, lokacin da masu amfani da hanyar sadarwar 'yan kaɗan ne kuma sun amince da juna. Saboda haka ba a tanadar mata sirri ba. Sunan mai shiga da kalmar sirrinsa da fayil ɗin kansa duk a fili suke tafiya.

A shekarar 1995, bayan an saci kalmomin sirri a jami'arsu da ke ƙasar Finlan, Tatu Ylönen ya ƙirƙiro SSH. Wannan tsari yana rikiɗa saƙo ta yadda mai leƙe ba zai ga komai ba sai shirme. A kansa aka gina SFTP, wadda ke bi ta ƙofa mai lamba 22, ita kuwa FTP ta ƙofa ta 21 ake shiga.

To, me ya kamata mai kula da uwar garke ya yi? Da farko, ya rufe ƙofa ta 21, ya koma SFTP. Na biyu, ya hana shiga ba suna. Na uku, ya killace kowa a nasa ɗakin ajiya, kada malamin lissafi ya kai ga fayilolin albashi. Na huɗu, ya riƙa duba rajistar masu shiga, ya toshe mai yawan gwada kalmar sirri.

Bugu da ƙari, ya tantance inda yake ɗauko manhaja. A shekarar 2011 an gano wani gurɓataccen kwafin manhajar vsftpd, wanda ke buɗe wa ɓarawo ƙofa ta 6200 da zarar ya sa alamar murmushi cikin sunansa.

Ɗalibai su lura: mai kalmar sirrin shugaban makaranta, a wurin kwamfuta, shi ne shugaban makaranta.